Baƙon da Ya Riƙe Mabuɗi: Ina RAM ɗin Kwamfutarka Ya Shiga?

Ranar wata Asabar da hantsi ɗan ƙanwata ya yi sallama, laftof a hammata, fuska a murtuke. Yana aji uku a jami'a, yana koyon rubuta manhaja. Kwamfutar ta hannu ce, RAM ɗinta giga 8, kuma sai da uwarsa ta kwashi adashi kafin aka iya sayenta.

"Kawu, bairos ya kama ta," in ji shi. "Na kai wa mai gyara, ya ce ko a yi mata fomatin, ko in ƙaro RAM."

Na ce ya kunna mu gani. Ya buɗe Task Manager, ya ɗora yatsa a saman jerin. Wani abu ne mai suna Vmmem, ya haɗiye kusan giga 4 shi kaɗai. Fanka na ta huci, linzami na tafiya kamar mai ciwon ƙafa.

"Ka gan shi nan, Kawu. Ban sa shi ba. In na ce a kashe shi, sai ta ce ba ni da izini. A kwamfutata fa!"

Na tambaye shi abin da ya yi da ita tun safe. Ya ce Ubuntu ya buɗe a cikin Windows, ya sauke wani aikin makaranta, ya harhaɗa shi, ya rufe tagar tun awa biyu da suka wuce. Na leƙa ƙasan allo, sai ga ɗan kifin Docker yana zaune abinsa a kunne. Na rufe shi, na buɗe PowerShell, na rubuta wsl --shutdown, na danna. Kafin ya gyara zama Vmmem ya ɓace daga jerin, fanka ta yi shiru.

"Shi ke nan?"

Shi ke nan na wannan rana. Amma gobe in ya sake buɗe Ubuntu abin zai dawo, kuma ba shi kaɗai ke fama ba. Duk mai kunna kwamfuta a cikin kwamfuta, daga ɗalibin da ke koyon tsaron intanet da Kali Linux a cikin VirtualBox har mai kula da sabar ma'aikata, ya taɓa ganin wannan: RAM ya tafi, aikin da ya ci shi ya ƙare, RAM bai dawo ba. Akwai dalili, kuma wanda ya san dalilin ba zai biya kuɗin fomatin a banza ba.

Kwamfutar cikin kwamfuta manhaja ce da ke kwaikwayon kwamfutar ƙarfe, har wata babbar manhaja kamar Linux ko Windows ta zauna a cikinta tana tsammanin gidanta ne. Masu sana'ar suna kiran ta ciki baƙo, ta waje mai masauki, kuma sunayen sun dace har ba sai an nemo wasu ba. Dabarar ta tsufa. IBM ta fara ta tun shekarun 1960 a manyan injinanta, ta fitar da VM/370 a 1972. Yau kuwa tana ko'ina: VirtualBox, VMware, Hyper-V na Microsoft, KVM da ya shiga Linux a 2007, da kowace sabar haya da ake biya da dala a wata. WSL 2, mai kunna Linux irin Ubuntu a cikin Windows, wanda ya iso ga jama'a tare da Windows 10 a watan Mayun 2020, shi ma baƙo ne. Vmmem ɗin da ya tsorata ɗan ƙanwata sunan da Windows ke nuna wannan baƙo ne kawai. A Windows 11 za ka iya ganinsa da sunan VmmemWSL.

A ɗauki gidan fatoma, mai saukar fatake. Faifan ajiya shi ne sito: yana da girma, amma yana da nisa, ɗauko kaya daga can sai an sha tafiya. RAM shi ne ɗakunan cikin gida inda ake kwance kaya ana ciniki. An yanka ɗakunan ƙanana ƙanana, ana kiransu shafuka, kowanne kilobait 4 a irin kwamfutocin Intel da AMD da muke riƙewa. Giga ɗaya shafuka 262,144 ke nan. Giga 8 sun haura miliyan biyu.

Idan baƙo ya sauka, fatoma yana ce masa, "Giga 4 naka ne." Amma a baki ne. Bai miƙa masa ko ɗaki ɗaya ba tukuna. Sai ranar da baƙo ya tura ƙofar wani ɗaki a karon farko, injin kwamfuta ya ɗaga hannu ya sanar da mai gida, shi kuma ya nemo ɗaki na gaske ya ba shi, ya rubuta a littafinsa. Saboda haka littafi biyu ne a gidan. Baƙo yana da nasa, inda yake rubuta wace manhaja ce ke wane ɗaki. Mai masauki yana da nasa, inda ya rubuta ɗakunan da ya taɓa miƙa wa baƙo. Tun wajajen 2007 da 2008 AMD da Intel suka gina wannan lissafi mai hawa biyu a cikin ƙarfen injin, don ya yi sauri.

To ga inda gizo ke saƙar. Shiga ɗaki tana da ƙara, fita ba ta da ita. Sa'ad da manhajar da ke cikin baƙo ta gama aiki ta kwashe kayanta, baƙo yana goge sunanta a littafinsa, ya mayar da ɗakin cikin jerin ɗakunansa na banza. Ba ya fita tsakar gida ya ce wa kowa komai, domin tun asali an gina shi ne a kan cewa gidan nasa ne, babu wanda zai gaya wa. A littafin mai masauki kuwa ɗakin yana nan da sunan baƙo, mabuɗi yana aljihunsa. Lambar da kake gani a gaban Vmmem, ko a gaban QEMU, mai kunna baƙin KVM a sabar Linux, kamar shatin da ambaliya ke bari a jikin katanga ne. Tana nuna maka inda ruwa ya taɓa kaiwa, ko da yanzu ya janye zuwa idon sawu.

Wannan rabin matsalar ne. Ɗaya rabin ya fi ban haushi, domin daga kyakkyawar ɗabi'a ya fito. Linux ba ya son ganin RAM a zaune. Duk fayil ɗin da aka karanto daga faifai, sai ya ajiye kwafinsa a ɗakin da ba kowa, ko da za a sake nemansa. Ana kiran wannan kash, wato ajiyar kusa da hannu. A kwamfutar ƙarfe wannan hikima ce tsantsa: ɗakin da ma a banza yake, kuma da zarar wata manhaja ta nemi wuri, sai ya watsar da kwafin nan take ya ba ta. Amma idan Linux baƙo ne, ɗakunan da yake cikawa da "ko da za a nema" na mai gida ne, kuma mai gida yana can waje yana neman inda zai shimfiɗa wa Chrome tabarma. Aikin da ɗan ƙanwata ya harhaɗa da safe ya karanta dubban ƙananan fayiloli. Aikin ya ƙare, kwafinsu ya zauna.

Kana iya gani da idonka. A cikin Linux ɗin rubuta free -h. Za ka ga layi mai ginshiƙai. Kada wanda aka rubuta wa free ya ruɗe ka, kusan kullum ƙarami ne. Dubi buff/cache, shi ne ajiyar da muke magana, sannan dubi available, wanda aka ƙara wa Linux a 2014 don ya faɗi ainihin abin da za a iya ba sabon aiki. A tasa kwamfutar, da muka sake gwadawa, abin da manhajoji ke riƙe da shi bai kai giga ɗaya ba. Saura duk ajiya ce.

Mai karatu zai ce, to mai gida ya ƙwace mana, ai gidansa ne. Yana iya ƙwacewa, kuma idan tura ta kai bango yana yi. Sai dai a makance yake yi. Daga waje duk ɗakunan baƙo kamarsu ɗaya, bai san wanda ke ɗauke da shara ba, bai san wanda ke ɗauke da lissafin da ake tsakiyar yi ba. Tunda ba ya iya zubar da abin da bai sani ba, dole ya kwashe kayan ɗakin ya kai sito, wato ya rubuta su a faifai, abin da ake kira suwap. Sau da yawa sai ya sha wahalar ɗaukar shara zuwa sito. Wani lokaci ya kwashe ɗakin da baƙo zai nema bayan daƙiƙa ɗaya. Akwai ma wanda ya fi wannan: mai gida ya kai kayan wani ɗaki sito, can sai baƙo shi ma ya ga ya kamata ya kai kayan wannan ɗaki nasa siton, dole mai gida ya ɗauko su ya mayar ɗaki don kawai baƙo ya sake fitar da su. Jigila biyu a kan kaya ɗaya. Wannan ne lokacin da fitilar faifai ke kamawa ba ta mutuwa, kwamfuta ta sandare.

Dabarar balan-balan

Maganin da ya fi shahara ya fito ne a watan Disambar 2002, a wani taron masana a Boston ta Amurka, inda Carl Waldspurger na kamfanin VMware ya bayyana yadda ESX Server ke rabon RAM. Tunaninsa mai sauƙi ne har ya ba da dariya. Tunda baƙo ne kaɗai ya san ɗakunansa, a bar shi ya zaɓa da kansa, amma a matsa masa.

Ana dasa wani ɗan direba a cikin baƙo, yaron mai gida ne amma yana sanye da rigar 'yan ɗaki. Idan mai gida ya matsu, sai ya yi wa yaron raɗa: "Samo mini giga ɗaya." Yaron ya je wurin baƙo kamar kowace manhaja ya ce yana son wuri. Baƙo ya buɗe littafinsa, ya fara ba shi ɗakunan banza. In ba su isa ba ya watsar da kash. In har yanzu ba su isa ba, ya kai kayan da suka fi daɗewa ba a taɓa ba nasa siton. Yaron ya karɓi ɗakunan, bai sa komai a ciki ba, ya kulle, ya zagaya ya miƙa wa mai gida lambobinsu. Yanzu mai gida ya san tabbas waɗannan ɗakuna ba mai shiga, sai ya ba wani. Wannan shi ne hura balan-balan. Idan wuri ya samu, a sace iskar, ɗakunan su koma hannun baƙo.

Kowa ya ɗauka. A VMware sunan yaron vmmemctl, kuma in ba a canja saiti ba, ba ya karɓar fiye da kashi 65 cikin 100 na RAM ɗin baƙo. Xen, wanda ya fito daga Jami'ar Kambirij ta Ingila a 2003, ya zo da nasa. Rusty Russell, ɗan Ostareliya, ya rubuta na virtio wanda KVM ke aiki da shi tun 2008. Microsoft ta kawo nata a Hyper-V a 2011 da sunan Dynamic Memory, inda mai gida ke bin sawun bukatar baƙo yana bar masa rarar kashi 20 cikin 100 a sama. Proxmox, wanda ƙananan ma'aikatu da yawa ke ɗorawa a saba don kyauta ne, yana da tasa ƙa'idar: muddin RAM ɗin mai gida bai kai kashi 80 cikin 100 a cike ba, yana sakar wa baƙi, da ya haura ya fara hura musu balan-balan har zuwa mafi ƙarancin da ka rubuta wa kowanne.

Dabarar tana da kyau, amma tana da sharuɗɗa da mutane ke mantawa. Na farko, in babu yaron a ciki, babu abin da zai faru. Linux yana zuwa da shi. Windows da aka ɗora a kan KVM ko Proxmox kuwa sai ka sa masa direbobin virtio da hannunka, har da na balan-balan. Na sha ganin saba da aka kunna mata wannan saiti a waje, aka bar baƙon ba direba, ana ta mamakin abin da ya hana shi aiki. Na biyu, daga cikin baƙo abin yana kama da sata: za ka ga RAM ya cika, ka bi jerin manhajoji kaf ba ka ga wanda ya ci ba. Wanda bai san da balan-balan ba sai ya fara zargin bairos, kamar dai ɗan ƙanwata. Na uku, kuma shi ne babba, wani ne daga waje ke yanke girman balan-balan, kuma yana iya yin kuskure. In ya hura kaɗan, bai samu komai ba. In ya zarce, ya shaƙe baƙo.

Masu VirtualBox kuma su saurara da kyau, domin su ne suka fi yawa a cikin ɗalibanmu. VirtualBox yana da balan-balan, ana hura shi da umarnin VBoxManage, kuma sai an sa Guest Additions a cikin baƙo. Amma RAM ɗin da ya karɓo ba ya komawa hannun Windows ɗinka. VirtualBox ne ke riƙe shi don ya ba wani baƙon nasa. Littafin jagorarsa ya faɗi haka ƙarara. Saboda haka in Kali ɗaya kake kunnawa a laftof, balan-balan ba zai tsinana maka komai ba. Abin da ka rubuta masa a saiti shi ne iyakar abin da zai iya ci, kuma a hankali zai cinye shi. Mai giga 8 da ya ba Kali giga 6 don "ya yi gudu" ya yanka wa kansa wuya: baƙo zai yi gudu na minti goma, sannan mai gida ya fara jigilar sito, su durƙushe tare. Ba shi 2 ko 3, in ka gama ka kashe shi gaba ɗaya.

Baƙo ya koyi sallama

Kusan shekara goma sha takwas ana wannan zagaye kafin a yi abin da ya kamata tun farko, wato a koya wa baƙo cewa shi baƙo ne. A Linux 5.7, wanda ya fito a ƙarshen Mayun 2020, aka shigar da aikin Alexander Duyck na sanar da shafukan banza. Yanzu ba sai an turo yaro ba. Idan ɗakuna suka zauna a banza, bayan kamar daƙiƙa biyu baƙo da kansa yake tattara lambobinsu ya miƙa wa mai gida: "Waɗannan ba na komai da su." Mai gida ya karɓe. Ɗakunan suna nan a littafin baƙo a matsayin nasa, bai rasa komai ba. Ranar da ya sake tura ƙofar, a ba shi sabon ɗaki shararre, sifili zalla, ba ya ganin ko ɓurɓushin kayan wanda ya zauna kafinsa. QEMU ya karɓi wannan a fitowarsa ta 5.1 a wannan shekarar, amma a kashe yake zuwa. Sai ka rubuta free-page-reporting=on a kan na'urar balan-balan, ko freePageReporting in ta libvirt kake bi. Saba nawa ne ke zaune da wannan dama ba a kunna ba, Allah kaɗai ya sani.

A ganina wannan ta fi balan-balan nesa ba kusa ba, don ba ta bukatar wani ya yi hasashe daga waje. Amma tana da gurgun ƙafa biyu. Ba ta sanar da ɗaki ɗaya ɗaya, sai jere guda mai girma, yawanci mega 2, wato shafuka 512 a manne da juna. In 511 a banza suke, ɗaya na riƙe da takalmin wani, jeren duka ba zai koma ba. Baƙon da ya daɗe a kunne kuwa haka RAM ɗinsa yake, takalmi nan, buta can. Shi ya sa Linux ke da aikin tattara kaya gefe guda, wanda ake iya tayarwa da rubuta 1 a cikin /proc/sys/vm/compact_memory. Gurguwar ƙafa ta biyu ita ce kash. A idon Linux ɗakin da ke ɗauke da kwafin fayil ba na banza ba ne, don haka ba ya cikin waɗanda ake sanarwa.

Nan ne labarin WSL ya tsaya shekaru. Tun Oktoban 2019 Microsoft ta sanar cewa WSL 2 zai riƙa mayar wa Windows abin da Linux ya saki, kuma yana mayarwa. Amma kash ba a sake shi ba, sai Vmmem ya ci gaba da kumbura, jama'a suka ci gaba da kuka. A farkon zamani ma har kashi 80 cikin 100 na RAM ɗin kwamfuta aka yarje masa, daga baya aka rage zuwa rabi. Sai a Satumban 2023 aka kawo saitin autoMemoryReclaim. In ka sa shi a gradual, yana jira ya ga injin ya yi minti biyar ba aiki, sannan ya fara sakin kash kaɗan kaɗan, har ya ƙare cikin kamar rabin awa. In ka sa dropcache, yana watsar da shi a tashi ɗaya.

Abin da muka yi wa tasa kwamfutar ke nan. A foldarsa ta mai amfani a Windows muka buɗe fayil mai suna .wslconfig, da ɗigo a farkonsa. Muka rubuta taken wsl2 a tsakanin baka biyu masu kusurwa, ƙarƙashinsa memory=3GB. Muka sake rubuta taken experimental haka nan, ƙarƙashinsa autoMemoryReclaim=gradual. Muka yi wsl --update don a tabbata sabon WSL ne, sannan wsl --shutdown don saitin ya kama. Wanda ke da sabon WSL zai tarar da taga mai suna WSL Settings inda ake yin duk wannan da linzami. Layi huɗu, ko sisi bai kashe ba.

Akwai wasu dabarun a gefe. Virtio-mem na David Hildenbrand, da ya shiga Linux 5.8, yana ƙara wa baƙo RAM ko ya cire masa gunduwa gunduwa yana kunne. KSM, tun Linux 2.6.32 a 2009, yana bin ɗakunan baƙi yana neman masu kaya iri ɗaya sak, ya haɗe su wuri guda. In kana da Windows goma iri ɗaya a saba, ribar ba kaɗan ba ce. Sai dai haɗa ɗakin baƙi biyu da ba su san juna ba yana da haɗari: VMware ta daina yin haka tsakanin baƙi a saitinta na asali tun wajajen ƙarshen 2014, kuma a 2016 masu bincike a wata jami'a ta Amsterdam suka nuna harin da suka kira Flip Feng Shui, inda baƙo ɗaya ya lalata mabuɗin tsaron maƙwabcinsa ta wannan hanya. A sabar gidanku, wadda duk baƙinta naku ne, ba laifi. A inda ake saukar da kowa da kowa, a yi hattara.

Kada garin gyaran gira

Da zarar mutum ya gano cewa kash ne ke riƙe RAM, sai ya ci karo da umarnin nan da ke yawo: a rubuta 3 a cikin /proc/sys/vm/drop_caches. Yana aiki, kuma ba ya ɓatar da bayanai, kwafi kawai yake zubarwa. Yin sa sau ɗaya bayan babban aiki daidai ne. Amma na ga wanda ya sa shi yana tashi da kansa duk minti biyar a sabar da ke ɗauke da rumbun bayanan ma'aikata, yana murna lambar free ta yi girma. Abin da ya yi shi ne kora kowa zuwa sito duk minti biyar. RAM da SSD ba sa'o'in juna ba ne wajen sauri, balle tsohon faifai mai juyawa. Lamba ta yi kyau a allo, ma'aikata suna zaune suna kallon shafi yana juyi.

Haka nan ba kowane baƙo ake matsa wa ba. MySQL, PostgreSQL da SQL Server suna riƙe RAM da gangan, shi ne ƙarfinsu. Manhajojin Java ma sukan kama babban yanki su riƙe. In ka hura wa irin waɗannan balan-balan, babu ɗakin banza da za su bayar, sai baƙo ya fara kai kayan aiki sito. In sito ma ya cika, Linux yana da wani dogari da ake kira OOM killer, wanda ke zaɓar manhaja ɗaya ya kashe don gida ya tsira, kuma yawanci wadda ta fi ƙiba yake zaɓa, wato rumbun bayanan naka. Irin wannan baƙo a yanka masa rabonsa, a bar masa. Baƙon da aka miƙa wa na'urar ƙarfe kai tsaye, kamar katin hoto, shi ma RAM ɗinsa a kafe yake gaba ɗaya tun daga kunnawa, babu dabarar da za ta karɓo shi.

Sai babbar jarabawa, wadda ta fi kama masu saba. Tunda alkawari a baki ne, fatoma mai ɗaki 64 yana iya yi wa baƙi alkawarin 100, yana dogaro da cewa ba za su nema rana ɗaya ba. Yawancin ranaku kuwa yana cin riba, kuma da wannan lissafi ne wasu masu hayar saba ke iya karya farashi. Amma akwai ranar biyan albashi, akwai ranar da aka buɗe shafin rajistar ɗalibai, akwai ƙarfe biyun dare da duk baƙi ke tashi yin kwafin ajiya lokaci ɗaya. A ranar balan-balan ba shi da abin karɓowa, domin kowa da gaske yake amfani da nasa. Dogarin nan kuma yana gidan mai masauki shi ma, kuma a idonsa baƙo sukutum manhaja ɗaya ce mai ƙiba. Ni ƙa'idata ita ce, in ka tara mafi ƙarancin da kowane baƙo ke bukata don ya yi aikinsa a ranar cunkoso, jimlar ta zauna cikin RAM na gaske, a bar wa mai gida nasa rabon. Rarar da ke sama da wannan ita ce ta wasa da balan-balan. In kuma kai ne mai haya, sabarka tana nauyi a wasu sa'o'i alhali lissafinka na ciki bai nuna komai ba, ka tambayi masu gidan ko RAM ɗin da suka sayar maka keɓaɓɓe ne ko na tarayya.

Ban ce ƙarin RAM ba shi da amfani ba. Mai giga 4 da ke son Windows 11 da Docker da Android Studio a lokaci guda, babu saitin da zai cece shi, kuma laftof da yawa na yanzu RAM ɗinsu a like yake da allon injin, ko kana da kuɗin ba ya ƙaruwa. Amma giga 8 suna ɗaukar ɗalibi har ya gama makaranta in ya san inda suke zuwa.

Ga 'yan'uwa masu gyara, don Allah a riƙa buɗe Task Manager kafin a ambaci fomatin. A cikin baƙon nan aikin yaro na zango guda yake zaune, kuma fomatin zai tafi da shi. Kai kuma mai kwamfuta, in ka ga Vmmem ko VirtualBox a saman jeri, ka adana aikinka, ka rufe Docker, ka kashe baƙon gaba ɗaya, ka ƙirga goma, sannan ka sake duban lambar. In ta faɗo, kwamfutarka lafiyarta ƙalau: ka je ka yanka wa baƙon iyaka, ka kunna masa saitin mayarwa.